Najashu a Kasuwar Zaɓe: Duk Mai Tallata Ɗan Takara Ya Sa Sunansa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da iyalan gidansa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Duk wanda ya taɓa shiga kara ranar kasuwa ya san yadda cinikin dabba yake tafiya. Mai saye ya duba sa, ya shafa tozonsa, ya taya. Dillali ya ce albarka. Ana cikin haka sai ga wani mutum ya ɓullo daga gefe kamar mai wucewa, ya zagaya san, ya yaba ƙibarsa, ya ɗora wani abu a kan tayin farko. Mai saye na gaskiya ya ga za a yi masa shigar sauri, sai ya ƙara. Da an sallama masa, mutumin nan ya sulale. Ko kuɗin akuya babu a aljihunsa. Da yamma zai koma wurin mai san ya karɓi ladansa.

Wannan shi ne abin da malaman fiƙihu suke kira najashu. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shi. Imamu Malik ya yi bayaninsa a Muwaɗɗa da cewa mutum ya taya kaya sama da ƙimarsa alhali ba shi da niyyar saye, don dai wani ya yi koyi da shi. Sahabi Abdullahi ɗan Abu Aufa kuwa ya siffanta mai yin haka da maciyin riba, maha'inci. A mazhabarmu ta Malikiyya, idan ta tabbata cewa mai kaya ya san da shirin, to mai saye yana da zaɓi: ya riƙe ko ya mayar.

Mu lura da wani abu a nan. Mai najashu yana iya gama aikinsa bai faɗi ƙarya ko ɗaya a kan san ba. Mai yiwuwa san yana da ƙibar da ya faɗa. Yaudararsa tana cikin matsayin da ya tsaya a kai: ya nuna kansa ɗan ba-ruwana, alhali ɗan aike ne. Da ya ce, "Ni yaron mai san ne, kuma ga abin da nake gani," da babu laifi a kansa, domin mai saye zai auna maganarsa da ma'aunin da ya dace da ita.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan babi shi ne, mun ga najashu ya bar kara ya shiga zaɓen ƙananan hukumomi, kuma har yanzu ba mu ba shi sunansa ba.

Abin da muka gani

Ranar Asabar 19 ga Oktoba, 2024, hukumar zaɓe ta Jihar Kaduna, KADSIECOM, ta gudanar da zaɓen shugabannin ƙananan hukumomi 23 da kansiloli 255. Ta bayyana cewa jam'iyyar APC ta lashe dukkan kujerun, jam'iyyar PDP kuma ta yi watsi da sakamakon. Wannan jayayya tana da wurinta, kuma ba ita muka zo tattaunawa ba. Maganarmu a kan makonnin da suka gabaci zaɓen ne, tun daga lokacin fitar da 'yan takara a cikin jam'iyyu, inda a gaskiya nan ne fafutukar ta fi zafi.

Mu da muke zaune a Dandamisa, muke zirga-zirga tsakanin Makarfi da Hunkuyi da Ikara, mun ga bango da turakun lantarki da jikin motocin haya sun cika da fastoci. Kaɗan daga ciki ne suke ɗauke da sunan wanda ya ɗauki nauyinsu. Sauran dai "masoya" ne, ko "matasa masu kishi", ko "dattawan gunduma". Ka tambayi matasan unguwa, babu wanda ya san ranar da aka yi taron da aka kafa ƙungiyar. Ka tambayi dattawa, su ce su ma a bango suka gani. Ga motoci masu lasifika ranar kasuwa, ga sojojin baka a gidajen rediyo, ga saƙonnin murya a WhatsApp waɗanda kowa ya ji, amma babu wanda ya san bakin da ya fara faɗar su.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan saƙonni ya iso gare mu ta hannun wani ɗalibinmu. Muryar wani ce da ya kira kansa ɗan gari mai kishi, yana rantsuwa cewa wani mai neman kujerar kansila ya cinye kuɗin taki na wata ƙungiyar manoma. Babu suna, babu rana, babu shaida. Kafin sallar Juma'a ta zagayo, saƙon ya shiga kowace waya. Zaɓe ya wuce, fastoci sun koɗe, amma gida biyu da suke sahu ɗaya a masallaci sun daina gaisawa, domin kowanne yana zargin ɗayan da hannu a ciki. Wata maganar aure da aka fara tsakanin dangin biyu ta tsaya cak. Mun shiga tsakani ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma sulhu yana wuya idan wanda ya yi jifan ya ɓoye hannunsa. Wa za a ce ya ba da haƙuri?

Wannan shi ne bambancin zaɓen ƙaramar hukuma da na shugaban ƙasa. Wanda aka yi wa ƙage a zaɓen tarayya yana da lauyoyi da 'yan jarida. Wanda aka yi wa ƙage a gunduma kuwa maƙwabcinka ne, surukinka ne, gonar rakensa tana iyaka da taka. Ƙuri'un da suke raba mai nasara da wanda ya faɗi ba su da yawa, don haka ƙarya ɗaya ta isa ta juya lamari. Kujerar kuma ba ƙarama ba ce kamar yadda ake ɗauka. Makarantar firamare, da ɗakin shan magani, da kasuwa, da tasha, da hanyar da ake fito da amfanin gona, duk tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma hannu a cikinsu. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ko da aiwatarwa ta yi jinkiri, duk mai neman kwangila ya ji wannan hukunci, kuma ya san inda zai zuba jarinsa. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da doka ta ce

Mutane da yawa ba su san cewa tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya yi magana a kan wannan ba. Sashe na 221 ya hana kowace ƙungiya, in ban da jam'iyyar siyasa, nema wa ɗan takara ƙuri'a ko ba da gudummawa ga kuɗin zaɓensa. Hani ne mai faɗi, amma kowa ya san yadda yake a aikace. A shekarar 2014 ƙungiyar TAN ta cika gidajen talabijin da tallan Shugaba Goodluck Jonathan, ta yi gangami a shiyyoyin ƙasar tun kafin a buɗe yaƙin neman zaɓe. Ɓangaren Muhammadu Buhari ma yana da nasa ƙungiyoyin goyon baya. Tun daga nan babu zaɓen da aka yi ba tare da tarin irin waɗannan ƙungiyoyi ba. Dokar da ta hana kowa, amma ba a kama kowa da ita ba, ta zama ado a takarda.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sanya wa hannu ranar 25 ga Fabrairu, 2022, ta zo da wasu iyakoki a lokacinta. Sashe na 88 ya ƙayyade abin da ɗan takara zai kashe. A ƙarƙashin dokar ta 2022, a ƙananan hukumomin Abuja, iyakar mai neman shugabanci ta kasance naira miliyan 30, ta mai neman kansila kuma miliyan 5. Sashe na 90 ya hana jam'iyya karɓar gudummawar da ba a san mai ita ba. Sashe na 92 ya hana zagi da kalaman da za su sosa zuciyar mabiya wani addini ko ƙabila, ya kuma hana amfani da wuraren ibada wajen tallata ɗan takara ko sukarsa. Sashe na 96 ya hana kowane mutum ko kafar yaɗa labarai tallata ko sukar ɗan takara a cikin awa 24 kafin zaɓe da ranar zaɓen kanta. Sashe na 150 kuma ya ɗora wa hukumomin zaɓe na jihohi bin tsarin da ake bi a ƙananan hukumomin Abuja, kuma Kotun Ƙoli ta nuna wannan ba wasa ba ne lokacin da ta soke zaɓen ƙananan hukumomin Jihar Ribas ranar 28 ga Fabrairu, 2025.

Duk wannan yana da kyau, sai dai akwai ƙofar da aka bari a buɗe. Iyakar kashe kuɗi ɗan takara take kamawa. To, idan wani ɗan kwangila ya buga fastoci, ya yi hayar mota da lasifika, ya sayi fili a rediyo, ya saya wa matasa goma data, kwabo bai bi ta hannun ɗan takara ba. Ɗan takaran zai iya rantsuwa cewa bai kashe komai ba, kuma a zahirin lafazi bai yi ƙarya ba. Dokar ta 2022 ba ta buɗe wata rajista ta masu talla a madadin wani ba. Jam'iyya ba za ta karɓi kuɗin wanda ba a sani ba, amma wanda ba a sani ba yana iya kashe kuɗin da kansa.

Kada mu ɗauka wannan ƙaramar ƙofa ce. A watan Maris na 2018, jaridun Guardian da Observer na Birtaniya sun ba da rahoton cewa wani hamshaƙin attajiri ɗan Najeriya ya ɗauki hayar kamfanin Cambridge Analytica gabanin zaɓen 2015 don yaƙar takarar Buhari, kuma a cikin aikin har da wani bidiyo mai cike da zubar da jini, wanda aka shirya don tsoratar da masu zaɓe da sunan shari'ar Musulunci. Rahoton ya ce babu abin da ya nuna Jonathan ya san da aikin. Wato an taɓa addininmu, an taɓa zaman lafiyarmu, kuma wanda ya biya kuɗin yana bayan labule. A watan Janairun 2023 kuma, wani binciken BBC ya nuna yadda ake biyan masu tarin mabiya a kafafen sada zumunta a asirce don su yaɗa labaran ƙarya a kan abokan hamayya. Abin da aka yi da miliyoyi a sama, shi ake yi da 'yan dubbai a gundumominmu.

Yadda wasu suka toshe ƙofar

Wasu ƙasashe sun gamu da wannan matsala, kuma hikima kayan mumini ce, duk inda ya same ta. A lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, tun daga zaɓen ƙananan hukumomi na 2018, duk mutum ko kamfani ko ƙungiyar ƙwadago da ke son kashe kuɗi wajen tallata ɗan takara ko sukarsa, sai ya yi rajista a wurin magatakardan ƙaramar hukumar. Kowane talla dole ya ɗauki sunan mai shi, da ƙaramar hukumar da ya yi rajista, da hanyar da za a tuntuɓe shi. Akwai iyakar abin da zai kashe, kuma bayan zaɓe zai kawo lissafi. Ɗan takara ba shi da ikon juya akalar irin wannan talla. Gidan rediyo ko jaridar da ta karɓi tallan za ta ajiye bayaninsa shekara 4. Amma wanda ya faɗi ra'ayinsa ba tare da kashe kuɗi ba, wannan doka ba ta shafe shi ba. A Birtaniya ma an daɗe da wajabta sa sunan mai buga takardar zaɓe da wanda ya sa aka buga, kuma daga watan Nuwamban 2023 aka faɗaɗa wannan zuwa tallan intanet.

Waɗannan mutane ba su hana magana ba. Sun ce ne kawai, mai magana da kuɗi ya tsaya inda za a gan shi. Mu Musulmi kuwa bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba, domin mun riga su da ƙarnuka.

"Wa ya faɗa?" asali ne a addininmu

Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umurci muminai da su yi bincike idan fasiƙi ya zo musu da labari, don kada su cutar da wasu mutane cikin jahilci su wayi gari suna nadama. Masu tafsiri da yawa sun ambata cewa ta sauka ne a kan labarin da aka kawo cewa Banul Musɗaliƙi sun hana zakka, har aka kusa ɗaura musu yaƙi, alhali ba haka abin yake ba. Ayar ta rataya hukunci a kan halin mai kawo labari. To, yaya za ka san halin wanda ba ka san ko wane ne ba? Tallan da babu suna a kansa ya rufe ƙofar aiki da wannan aya tun daga farko.

A kan wannan tushe aka gina ilimin hadisi. Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa Muhammadu ɗan Sirina ya ba da labarin yadda a da ba a tambayar isnadi, sai da fitina ta auku aka fara neman kowa ya ambaci mutanen da ya ji daga gare su. Malaman hadisi ba su karɓar ruwayar majhuli, wato wanda ba a san shi ba, komai daɗin lafazinta. Sun kuma aibata tadlisi, wato mai ruwaya ya ɓoye wanda ya ji daga gare shi don maganarsa ta yi kwarjini. Fastar da ɗan kwangila ɗaya ya biya aka rubuta "dattawan gunduma" a ƙasanta, mene ne sunanta in ba tadlisi ba?

Haka abin yake a gaban alƙali. A fiƙihunmu ba a karɓar shaidar wanda zai jawo wa kansa amfani da ita, ko ta maƙiyi a kan maƙiyinsa, ko da mutumin kirki ne. Alƙali yana tambayar alaƙar mai shaida da masu shari'a kafin ya saurare shi. Mai jefa ƙuri'a shi ne alƙali ranar zaɓe, kuma haƙƙinsa ne ya san ko mai yabon nan yana jiran kwangilar gyaran kasuwa, ko mai sukar nan an hana shi fili ne.

Sai mu tuna ƙissar ƙagen da aka yi wa Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, wadda Suratun Nuri ta yi bayani. Jagoran al'amarin shi ne Abdullahi ɗan Ubayyu, shugaban munafukai. Shi ne yake tono maganar yana hura ta, amma cikin wayo. Malamai da dama sun ambata cewa haddi ya hau kan mutum uku ne daga cikin muminai, waɗanda suka furta maganar a fili. Mai shirin ya tsaya a baya, masu kyakkyawar zuciya suka ɗauki kayan. Duk matashin da yake tura saƙon murya zuwa zaure goma a kan kuɗin data, ya dubi kansa a wannan madubi.

Ba muna cewa goyon bayan ɗan takara haramun ne ba. Aya ta 85 a Suratun Nisa'i ta nuna cewa wanda ya yi ceto kyakkyawa yana da rabo daga gare shi, wanda ya yi mummuna yana da kaso daga zunubinsa. Idan ka san wane mutumin kirki ne, ka tsaya masa, ka kashe kuɗinka na halal, kana da lada in Allah Ya so. Amma ayar ta nuna cewa mai ceto yana da nasa kaso a sakamako. Wanda zai ɗauki kason a lahira, me zai hana shi ɗaukar sunan a duniya? Mun sani ƙuri'a ba haja ba ce, shaida ce kuma amana, don haka ba muna cewa hukuncin ciniki ya hau kanta harafi da harafi ba. Illar da ta sa aka hana najashu, wato ruɗin mutum ta hanyar ɓoye alaƙa, ita ce muke nunawa. A nan ma ta fi muni, domin wanda aka ruɗa a kara yana iya mayar da sa, amma wanda aka ruɗa a rumfar zaɓe zai zauna da zaɓinsa shekaru.

Masu ja da wannan magana

Wani zai ce: talaka da ya ga ɓarna, idan ya sa sunansa, gobe za a kore shi daga rumfarsa ta kasuwa, ko a cire sunansa daga masu karɓar taki. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma mun san waɗanda irin haka ta faru da su. Shi ya sa ƙa'idar da muke nema ta tsaya a kan tallan da aka biya kuɗi. Hirar majalisa, da nasihar uba ga 'ya'yansa, da ra'ayin da mutum ya rubuta a shafinsa, duk sashe na 39 na tsarin mulki ya kare su. Talakan da ake jin tsoro dominsa ba shi ne mai hayar mota da lasifika ba. A yau mai ƙarfi ne yake cin moriyar duhu, yana fakewa da sunan talaka.

Wani zai ce: ai ɓoye alheri ya fi. Haka ne, a sadaka, domin a kare mutuncin mai karɓa da ikhlasin mai bayarwa. Kuɗin talla kuwa ba sadaka ba ne, jari ne, kuma galibi daga baitulmalin jama'a ake fanshe shi. Bashi ma, wanda yake tsakanin mutum biyu, aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta yi umurni da a rubuta shi a kafa shaidu. Ina ga bashin da gunduma guda za ta biya?

Wani kuma zai ce: jam'iyya mai mulki za ta mayar da dokar bulalar dukan 'yan adawa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba za mu raina ta ba. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi ikon kula da allunan talla na waje, amma bai dace a bar wannan al'amari a hannun ciyaman mai neman komawa kujera ba, domin ba a ba kura ajiyar nama. Maganin shi ne a tsara ƙa'idar yadda jami'i ba shi da ikon cewa a'a.

Abin da muke nema

Muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, musamman wakilan Makarfi da Kudan da Ikara, da kuma hukumar KADSIECOM, su duba waɗannan abubuwa kafin zaɓe na gaba.

Na farko, duk tallan zaɓe da aka kashe wa kuɗi, fasta ne ko kalanda ko allo ko filin rediyo ko bidiyo, ya ɗauki cikakken sunan mutumin da ya biya da gundumarsa. Idan ƙungiya ce, a sa sunan shugabanta.

Na biyu, a buɗe littafin rajista a ofishin hukumar zaɓe na kowace ƙaramar hukuma, kyauta, wanda kowa zai iya zuwa ya duba. Aikin jami'i ya rubuta ne kawai, ba ya tantance ra'ayi ba.

Na uku, a sa iyaka ga abin da mai talla zai kashe, ƙasa da iyakar ɗan takara. Idan kuma ta tabbata ɗan takara ya san da shirin, a lissafa kuɗin a cikin nasa, kamar yadda malamanmu suka rataya hukuncin najashu a kan sanin mai kaya.

Na huɗu, maɗaba'u da gidajen rediyo da masu motocin lasifika kada su karɓi aiki sai da suna, su kuma ajiye rasit. Wannan shi ne mafi sauƙin aiwatarwa, domin mai biya yana iya ɓuya, amma mai injin bugawa yana da shago.

Na biyar, ƙa'idar ta hau kan kowace jam'iyya daidai, kuma kotu ce za ta yi hukunci, ba 'yan bangar wani ba.

Wannan duka yana cikin babin maslaha, wanda shugaba yake da ikon tsarawa don kare haƙƙin jama'a, kuma biyayya gare shi a kan haka wajibi ce.

Mu fara da kanmu

Ba zai yi kyau mu nuna kowa da yatsa mu tsallake kanmu ba. Mu masu hawa mumbari muna cikin manyan waɗanda ake nema don irin wannan aiki, domin maganarmu tana da tsada a wurin jama'a. Ana gab da zaɓe aka taɓa kawo wa masallacinmu sabuwar lasifika da batir, aka ce daga wani bawan Allah ne da ba ya son a ambace shi. Sharaɗi ɗaya ne: a riƙa sa wane a addu'a bayan salla, da sunansa. Muna da buƙatar kayan ƙwarai, amma da muka zauna da kwamitin masallaci sai muka ce ko dai mai kayan ya bayar babu sharaɗi, ko ya jira bayan zaɓe. Aka mayar da kayan, kuma bayan zaɓen ba su dawo ba. Daga nan muka gane ko sadaka ce ko taye.

Manzon Allah (SAW) ya hana cigiyar ɓatacciyar dabba a masallaci, ya bayyana cewa ba don haka aka gina masallatai ba. Idan cigiyar raƙumin mutum na halal ba ta dace ba, ina ga cigiyar ƙuri'a? Malami ɗan ƙasa ne, yana da ra'ayi, yana da ƙuri'a. Idan zai goyi bayan wani, ya yi a wajen masallaci, da sunansa, ya kuma faɗa wa mutane idan an ba shi wani abu. Wanda ya karɓi ambulan da dare, ya hau mumbari da rana yana cewa nasiha ce don Allah, ya yi najashu da Alƙur'ani a hannunsa. Muna neman tsarin Allah daga wannan.

Sauran jama'a ma ba sai sun jira majalisa ba. Masu unguwanni da limamai za su iya haɗuwa su ce ba a liƙa fasta marar suna a bangon unguwarsu. Masu kula da zaurukan WhatsApp za su iya goge duk saƙon zargi da ba a san mai shi ba. Uba zai iya tambayar ɗansa wanda yake saya masa data. Kowannenmu kuma, kafin ya gaskata ko ya tura, ya tambayi kansa: wa ya faɗa, wa ya biya, me yake jira? Ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji, kamar yadda ya tabbata a hadisi.

Gidajen nan biyu da muka ambata har yanzu muna kai-kawo a tsakaninsu, kuma muna fatan Allah Ya daidaita su. Wanda ya shirya saƙon kuwa, idan wannan rubutu ya iso gare shi, ya sani ƙofar tuba a buɗe take, amma haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai an nemi mai shi. Ya fito ya wanke wanda ya ɓata tun yana da iko, kafin ranar da za a tone asirai, ranar da babu wanda zai sa hannu da sunan "masoya".

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Ya ba mu shugabanni masu jin tsoronSa, masu tausaya mana, Ya zaunar da Jihar Kaduna da ƙasarmu lafiya. Allah ne Mafi sani.